Giɓin da Ke Bakin Gonata

Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ban taɓa zaton wani ɗan allon kwamfuta mai faɗin tafin hannu zai shiga tsakanina da kwanciyar hankali ba.

Gonata tana wajen Basirka, ta jingina da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Mun daɗe muna ja da makiyaya. Mu ce shanu sun ci gona, su ce gona ta ci burtali. An sha kafa turaku ana tuge su. Da aka fasa wa wani kai, dagaci ya ce a taka iyaka yadda ake yi tun da: dattijon da kowa ya yarda da shi zai yi alwala, ya rantse, ya bi iyakar da ƙafa, jama'a na biye. Sau ɗaya ake yi. Ba a tsayar da shi, ba a ce masa ya sake, don wanda ya ce a sake ya ƙaryata rantsuwa. Mutum ɗaya ya rage da ya san burtalin tun yana da faɗi, wani tsohon Arɗo, shi ma tari ya gama cinye shi.

Ƙanena yana da shagon gyaran na'urori a Birnin Kudu. Shi ya ce zai haɗa abin da zai riƙe sawun tsohon, yadda ba mai tuge shi. Na'ura biyu ce, duk suna sauraren tauraron ɗan'adam. Ɗaya tana zaune wuri guda tana aika gyara ta rediyo, ɗaya a kan sanda a bayan mai tafiya. Waya, in ji shi, takan kauce da taku da yawa, wannan kuwa da ɗan yatsa. Amma sai an sa allon da zai yi lissafin nan take.

Na same shi da alluna biyu a kan benci, ya zuba musu ido kamar mai zaɓen likkafani.

"Yaya, ƙaramin nan ba ya zafi, ba ya shan batir, amma lissafi na yi masa yawa. Arɗo na nan, shi yana can baya, har ya riƙa tsallake sawu."

"Babban fa?"

"Ba ya barin taku ɗaya. Sai dai zafi. In rana ta haɗu da nasa, kashe kansa yake yi."

"To kai da karatunka duka, rago da mahaukaci ka samo mana?"

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yaushe za a taka. Na ce dagaci ya ce da sassafe. Ya ɗauki babban, ya sa masa 'yar fanka, ya rufe akwati.

Ranar, tun da sanyin safiya muka kafa na'urar da ke zama wuri guda a kan dutse. Sai jira. Baƙi daga Gwaram ba su iso ba, kuma ba a farawa babu su. Da suka iso aka shiga gaisuwa. Bazara ce, iska ta tsaya cak. Makiyaya a gefe guda da sandunansu, mu a gefe guda, wasu da fartanya alhali ba noma ake ba. Ƙanena ya lulluɓe akwatin da hularsa, ya matso kusa da dagaci.

"Ranka ya daɗe, ko a bari sai gobe?"

"Malam, mutum ya yi alwala ka ce gobe? Dube shi fa."

Rana na tsaka Arɗo ya rantse ya fara tafiya. A hankali yake, yana tari, ba ya waiwaye. Ƙanena na binsa da sanda, ni ina gefensa ina jin kukan fankar yana ƙara tsini. Muka wuce gonaki lafiya. Daidai tsamiyar da gonata ta fara, kukan ya ɗauke.

"Yaya," ya ce a hankali, "allon ya mutu."

Na dubi bayan tsohon. Ba mai tsayar da shi. Ƙanena na tafe yana hura akwatin da baki, yana danne-danne. Allon bai farfaɗo ba sai a inuwar bakin rafi, bayan gonata ta ƙare. Sawun da ke ƙasa kuwa, jama'ar da ke biye sun tattake shi.

Arɗo bai ga damina ba.

Yanzu taswira tana wurin dagaci, layi siriri daga farko har rafi, kowa ya yarda da shi, sai giɓi a bakin gonata. Duk wanda ya bi tsohon ranar ya ga inda ya taka. Namu sun rantse ta yamma da tsamiya ya bi, nasu sun rantse ta gabas.

Ƙanena ya sayo wani allon da ba ya jin rana, ya kawo mini in gani. Na ce ya mayar shago.

Bana na bar kunya da yawa ban shuka ba, duk da haka na ga kofato a cikin dawata. 'Ya'yana sun daina yi mini maganar. Jiya na tarar da babban yana wasa gatari a gindin tsamiyar, ga shi ba mu da itacen sara.