Ranar da Inna Ta Ƙidaya Ni

A gidanmu na garin Ƙarfi, kalmar ƙidaya ta buhunan masara ce da awaki. Mutum kuwa ba a ƙidaya shi, ana tsoron baki. In baƙo ya yi suɓutar baki ya tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta ce, “Alhamdu lillahi, akwai su,” ta kawo wani zancen.

Nawa lamarin ya fi na kowa, don ni ne ɗan fari. Inna, mahaifiyata, jinin Fulani ce, ta kuwa riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “kai wannan.” Na san al'ada ce, amma wallahi abin yana ci mini rai, har na fara gemu.

Shekarar da gwamnati ta turo masu ƙidayar jama'a, na dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, na tarar da wata malama daga Malumfashi zaune kan tabarma a tsakar gida. Tana yi wa Inna bayani cewa wannan ƙidaya ta sanin yawan mutane ce, maza da mata, yara da tsofaffi, don a san inda ake bukatar asibiti da makaranta. Sannan ta ce, “Inna, 'ya'ya nawa kika haifa?”

Inna ta yi ta murza gefen zane, da ƙyar ta ce biyar. Mu shida ne.

Malamar ta dube ni. “Wannan fa?”

“Na kakarsa ne,” in ji Inna, tana kallon murhu.

Ƙannena suka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma raina ya ɓaci. Ashe ko gwamnati ce ta tambaya, ba na cikin lissafi.

Malamar ta tattara kayanta, ta sa takalmi, har ta kai bakin zaure. Sai Inna, wadda ko akuya ta faɗa wa garin tuwonta ba ta ɗaga murya, ta ƙwala kira, “Malama!”

Malamar ta juyo.

“Ki ƙara ɗaya,” Inna ta ce, ba ta ko dubi inda nake ba. “A sama za ki sa shi.”

Ranar nan kaina ya fi ƙarfin hulata. Har Inna ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni kuma ban sake damuwa ba.