Tayoyin da na zaɓa da bakina

Likita ne ya ɗora ni a kan keke, ina da shekara arba'in da wani abu, bayan ya ce sukari ya fara yi mini yawa. Na ji haushi da farko. Mutumin da ke da shagon atamfa a kasuwar Nkembo ta Gabon, a ce ya koma taka feda? Amma kafin wata uku abin ya shiga jinina. Duk Lahadi da safe sai in bi wasu 'yan Gabon, ma'aikatan ofis, mu yi ta zagaya kwaltar Akanda.

Wata rana babbansu ya ce mako mai zuwa tafiyar mai nisa ce, wuni guda, kuma a kan "piste" za a yi ta, don haka kowa ya duba tayoyinsa. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Ni a talabijin na san kalmar nan, inda ake nuna masu tsere suna zagaya fili mai santsi a kan tayoyi sirara. Faransancina na kasuwa ne, na ciniki da rantsuwa, amma ina ji da shi, kuma na fi son in ɓata da in yi tambaya.

Mai gyara mini keke wani dattijo ne mutumin Damagaram, Baba muke ce masa. Shi ya tsince ni a Port Môle ranar da na sauka daga jirgin ruwa da jaka ɗaya, na kwana a ɗakinsa wata bakwai bai taɓa nuna ya gaji ba. Ga shi Badamagare, ni Bakano, tsakaninmu kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. In na doso rumfarsa sai ya ɗaga murya: "Ku ɓoye kayanku, ga bawana ya taho!" Ni kuma in ce wa ya taɓa ganin bawa ya fi ubangidansa tumbi. A garin da ba naka ba, wannan tsokanar ita ce gida.

Ranar Alhamis na je, rumfar cike da mutane ana jiran la'asar. Na ce ya ba ni taya ta "piste". Ya shiga ciki ya fito da wasu masu faɗi, baƙaƙe, masu haƙora, ƙura ta ɗan hau su.

"Baba, mene ne wannan? Tseren keke za ni, ba noma ba."

"Ɗana, piste ai burji ne," in ji shi. "Jar ƙasa da tsakuwa. Siririyar taya ba ta kai ka."

Wani ya yi dariya, ban ma san wanda yake yi wa ba, amma sai na ji kamar ni. An gyara mini Faransanci a gaban jama'a. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Kai dai faɗi gaskiya, kwantai ne suka dame ka, ka ga wawa ya zo za ka sauke masa."

Na yi dariya a ƙarshe don ta zama wasa. Ba ta zama ba. Wasan Bakano da Badamagare yana da faɗi, ka kira mutum bawa, ka zagi tuwon garinsu, duk daidai ne. Amma ba ka ce wa mai sana'a macuci a bakin rumfarsa. Na san haka tun kafin in rufe baki.

Baba ya koma ciki. Ya mayar da tayoyin, ya ɗauko sirara ya ɗaura. Na ƙara da cewa ya ba su iska sosai, yadda muke yi a Kano, har sai an ƙyasta da yatsa an ji ƙarar. Ya ba su.

Ran Lahadi muka wuce Angondjé, muka yi ta arewa, sai kwalta ta ƙare. Gabanmu jar hanya ce ta ratsa cikin daji, ruwan jiya ya farfasa ta. Na dubi kekunan abokan tafiya, sai a lokacin idona ya buɗe: kowa da tayoyi masu haƙora. Kekena ya dinga tsalle a kan tsakuwa kamar ɗan akuya, hannuwana suka mutu, haƙorana na haɗuwa. Ba mu yi nisa ba ta baya ta fashe.

Ban zo da komai na faci ba. Babban namu ya durƙusa yana duba keken, sai ya ce ai ga kayana nan. A ƙarƙashin sirdi an ɗaure wata 'yar leda tam da igiyar roba. Muka kwance: shambur biyu sababbi, irin na cikin taya, da faci, da gam. Ya yaba mini, wai na iya shiri. Na karɓi yabon, Allah ya yafe mini. Wato ina tsaye ina cika baki, mutumin da na kira macuci yana sunkuye yana ɗaura mini abin da zai fisshe ni.

Shambur biyun duka suka tafi kafin azahar. Na dawo gari a bayan motar ɗaukar ayaba, gwiwa a kuje.

Mako uku ina canza hanya don kada in bi ta gaban rumfarsa. Kunya ce, ba wani abu ba. Da na gaji da kaina na tura keken na je, na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ya shiga ya fito da masu haƙoran. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya ce in dakata. Ya goge ƙurar da tsumma, ya lanƙwasa robar a gabana, ya juya ta ciki da waje, a hankali, yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"Duba da kyau, Alhaji," ya ce. "Kada ka je gida ka ga wani abu."

Na ce, "Haba Baba, bawanka ne fa."

Ya yi murmushi na ladabi, ya tambaye ni iska nawa zai ba su.