Ranar da Yayana Ya Je Taron Makafi

Yayana makaho ne. Igiya yake tufkawa a ƙauyenmu kusa da Sandamu, ranar kasuwa ya kai da kansa. Da aka yi aikin titi sai aka bar magudanar ruwa a buɗe a bakin kasuwar, zurfinta ya kai ƙugu. Abin da ya hana shi sukuni ke nan, shi da sauran makafin da ke bin hanyar.

Sai aka kira taro a Daura, wai manya za su saurari masu buƙata ta musamman. Yaya ya yi ta bitar abin da zai faɗa, a zo a rufe ramin nan kawai. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, na goya shi a babur.

A ƙofa muka yi kiciɓis da shugaban ƙungiyar makafi. Idonsa garau, har da tabarau na ado. Makafi dai sun ji an ce shi ne shugabansu, amma ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. Ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ja ni gefe.

"Haba, wannan ai sai ka ce ango! Ba shi da wata tsohuwar riga? In baƙin nan suka gan shi haka, cewa za su yi ba mu da matsala."

Ya kai mu layin baya, ya cika layin gaba da masu yagaggun riguna saboda masu hoto.

Ya yi jawabi kam, har da rawar murya. "Mu makafi," in ji shi, ko nauyin baki bai ji ba. Ya roƙi ofis, ya roƙi mota. Yaya yana ta ɗaga sandarsa yana tambayata, "An gan ni kuwa?"

"An gan ka, Yaya."

Haka muka zauna har aka shafa fatiha.

Da damina ta sauka, ruwa ya shafe bakin magudanar, Yaya ya afka ciki, ƙafa ta karye. Sai ga shugaba ya zo dubiya, waya a hannu, fuska fes kamar wanda aka yi wa albishir. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba.

"Malam, a ɗan yaye mayafin a ga ƙafar. Zan yi magana a kanka a rediyo."

Yaya ya miƙa hannu. "Ba ni wayar in faɗa da bakina."

"A'a, Malam, kai dai ka huta," in ji shi, ya sa hannu ya yaye mayafin da kansa.