Goron da Aka Ba Maiwada a Bakin Rijiya

Kawuna Maiwada maginin rijiya ne, kuma in ana lissafa masu taurin kai a danginmu, da shi ake farawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi. Ya gina wa garuruwa da dama rijiya tsakanin Maijirgi da Korgom, amma babu ko ɗaya da ake kira da sunansa, abin kuwa yana ci masa rai.

Bayan samun mulkin kai gyaɗa ta yi daraja, kowa na neman sabuwar ƙasa. Mu kuwa ƙa'idarmu tun kaka da kakanni ita ce, wanda ya sari daji ya gina rijiya ta ba da ruwa, shi ne mai gari. In babu ruwa babu gari, kowa ya kama gabansa. Kawu ya hango wani fili kudu da Korgom, ya lallashi ƴan gidaje suka bi shi, har da gidanmu. Aka kafa bukkoki, mata na ɗebo ruwa daga tsohon gari a kan jakuna kafin rijiya ta samu.

Kawu ya fara haƙa. Yashi ya wuce, jar ƙasa ta wuce, sai diga ta faɗa kan wani dutse mai ruwan toka da ƙyalƙyali, ta yi tsalle ta dawo. Ya hura wuta a kansa, ya kwara masa ruwan da mata suka wahala a kai, ɓawo kaɗan ya ɓalle. Ƙarƙashinsa dutsen ne dai. Mutane suka fara ɗaure kaya.

Ana haka sai ga mota da wani Bature da mataimakinsa Gazali, ɗan Tasawa wanda ya yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi. Aikinsu neman tsohon dutsen da yashi ya binne, su gutsura, su aika ƙasar waje a auna shekarunsa, don a gane lokacin da ƙasa ta motsa har tsaunukan kudu suka tashi. Ramin kawu ya rage musu wahala. Baturen ya sauka da igiya, ya fito da gutsure a hannu yana juya shi a rana, bakinsa har kunne. Sai ya miƙa wa kawu gudumarsa, ya sa Gazali ya ƙara masa da goro, don an gaya masa haka ake godiya a ƙasar Hausa.

Nan aka yi ɓarnar. A sana'ar su kawu, magini kan aiko da ƙasar ƙasan rami sama, mai rijiya ya murza ta. In ya ji danshi sai ya ba da goron albishir. Ba a ba da goro a bakin busasshiyar rijiya, ko maƙiyi ba ya yi maka wannan izgilin.

Gazali bai ɓoye komai ba. Ya ce, “Baba, wanga dutsi shi ne ƙashin ƙasa. Ba mu san iyakarshi ba. Batun ruwa kuwa, ba shi muka zo nema ba.”

Kawu ya ce, “Kai lakwal ka sani, ni goro na sani. Mutum ya sauka, ya taɓa, ya hito shina dariya, ya ba ni goro. Mi ya rage?”

Ya raba goron gida-gida. Waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance, aka shuka gyaɗa a damina, ta yi kyau kuwa, abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa ke nan. Rani ya zo, kawu ya koma rami da wuta da gudumar Bature. Wani ranin ma haka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci: mata na kai ruwa bakin rami ana zuba wa dutse, ƴaƴansu na kwana da ƙazanta. Hayaƙi da ƙurar dutse suka sa masa tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Gidaje suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Uwata ce ta ƙarshe, ta tafi tana kuka, don ƙanenta ne. Matarsa Furera kaɗai ta zauna, da jaki guda.

Shekaru sun ja kafin Gazali ya sake biyowa ta wajen, lokacin ya zama babban ma'aikaci. Ya tarar da bukka ɗaya da ƙayar da aka rufe bakin rami da ita. Furera ce ta ba ni labarin. Ta ce ya durƙusa ya gaida kawu, ya gaya masa an auna dutsen, ya kai shekara miliyan ɗari shida ko wajen haka, kuma ya taimaka wajen gane yadda tsaunuka suka tashi. Ta ce muryarsa na raguwa yana magana, don idonsa na kan kufan bukkoki.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “To ruwan hwa?”

Gazali ya sunkuyar da kai. “Babu, Baba. Ko da can babu.”

Kawu ya shiga bukka ya fito da gudumar, bakinta ya lauje, ƙotarta an sake ta ba sau ɗaya ba. Ya aje ta a gaban Gazali.

“Ka maida wa mai ita,” in ji shi. “Goron dai na raba ma mutane sun ci, shi ne ban san yadda zan maido ba.”