Ranar da Na Ba da Jak ɗin Baba

Har yanzu in murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai in zabura. Mma ta ce zai wuce. Ina jira.

Baba direban tasi ne, motarsa kuwa tsohuwa ce, ta kusa zama sa'ata. Tun da kayan mota suka yi wuya a Akra ya daina kai ta wurin makanikai. Cewa yake a irin wannan lokaci kana juya baya za a cire maka mai kyau a sa maka matacce. Komai da hannunsa yake yi, a ɗan filin da ke gefen gidanmu a Maamobi. Ni ce mai miƙa masa kaya tun da na gama sakandare na zauna jiran sakamako.

Ran da abin ya faru giyar motar ce take kuka, ya ce man cikinta ya tsufa, sai an sauya. An kwana biyu ana ruwa, ƙasar ta jiƙe ta ciki ko da yake samanta ya bushe. Ya ɗaga motar da jak, ya cire ƙafa ɗaya don ya sami hanya, ya shige ƙarƙashinta. Ina tsugune riƙe da kwanon da zai tari tsohon mai. Da idona na ga gindin jak ɗin yana nitsewa ta gefe ɗaya, a hankali, kamar cokali cikin tuwo. Kafin in yi ihu motar ta sauko. Sai ƙarar.

Mazan unguwa ne suka ɗaga motar da hannu suka jawo shi. Kafaɗarsa ta dama da haƙarƙari ne suka samu rauni. Mai ɗori ya ɗaure shi ya ce ya kwanta, kada ya ɗaga ko buta. Aka mayar wa motar da ƙafarta, aka bar ta nan da tsohon manta.

Kawu, ƙanin Mma, ya samo wani direba da zai riƙa fita da ita kafin Baba ya warke. Baba ya ce ba mai fita da ita da wannan man, giyar za ta cinye kanta kafin a kai Kokomlemle.

“To a kai wa makanike mana, Yaya,” in ji Kawu.

“Ba zai taɓa ta ba.”

“To wa zai yi? Aljanu?”

Baba ya juya fuska bango.

Wata safiya na fito da tsintsiya na same shi a fili, a durƙushe, yana jan jak ɗin nan da hannun hagu zuwa gindin mota. Gumi ya jiƙa ɗaurin kafaɗarsa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na san Baba. Ko yau an mayar da shi ɗaki, gobe zai fito, ran da Mma ta tafi kasuwa ni kuma na je ɗebo ruwa.

Na ce, “Baba, ni zan yi.”

Ya dube ni. “Ke da hannunki ke rawa in kin miƙo mini shayi?”

“Zai yi rawarsa, ni kuma in yi aikina. Amma kayan aikin ni zan zaɓa.”

Ya dai saki jak ɗin.

Na zazzage akwatin kayansa a kan tabarma. Notocin giyabos ɗin, wato akwatin giyar, biyu ne, na sama inda ake zuba mai da na ƙasa inda ake tsiyaye shi, kuma ba sifana ke kwance su ba. Rami ne mai kusurwa huɗu a tsakiyar kowanne, da wani ɗan makulli na ƙarfe da ke shiga ciki. Makullin Baba yana hannunsa lokacin da motar ta sauko, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na naɗe shi a tsumma. Na sa jak ɗin a buhu na ɗora a ka. Baba yana barci, Mma ta gan ni, ta ɗauke kai.

A Lagos Town, yadda tsofaffi ke kiran New Town har yau, akwai wani dattijo mutumin Nijar da ke shimfiɗa tsoffin kayan ƙarfe a bakin hanya. Na gaishe shi na nuna masa lanƙwasasshen makullin.

“Wa ya aiko ki, ɗiyata?”

“Ni na aiko kaina, Baba.”

Ya yi dariya, ya tura mini gwangwani cike da makullai. Na yi ta gwada bakinsu da bakin namu. Ɗaya ya yi daidai amma kusurwoyinsa sun cinye, sun zama kamar tsohon haƙori. Ya ce zai yi aiki. Na ce in ya zame ya cinye ramin notin, shi ke nan, sai makanike, kuma na san wanda zai rarrafa ƙarƙashin mota kafin ya yarda da haka. Na ci gaba da tono har na sami mai kaifin kusurwa. Na ɗauki ɗan guntun bututun ƙarfe da zan zura masa a hannu, don ƙarfina ba na Baba ba ne. Na ɗauki mazurari, da siririn tiyo mai tsawo wanda ake ganin abin da ke bi ta cikinsa. Sannan na sauke buhun.

Ya juya jak ɗin, ya murɗa shi sama ya murɗa ƙasa. “Wannan lafiyarsa ƙalau. Da me za ki ɗaga motar?”

“Ba zan ɗaga ta ba.”

Ya karɓi jak ɗin a madadin kuɗin kayan, ya ƙara mini da wani sabon zoben jan ƙarfe na bakin noti.

Abin da na yi ta tunani tun a hanya shi ne kwatar ƙofar gidanmu, gota kamar yadda kowa ke ce mata a nan. Ginin siminti ce, zurfinta ya kai mini cinya, faɗinta bai kai tsakanin ƙafafun mota ba. In aka tura motar ta hau kanta, ƙafa biyu a wannan gefe, biyu a wancan, zan shiga ƙarƙashi alhali duka huɗun suna kan ƙasa. Babu abin da zai sauko, don babu abin da aka ɗaga.

Na kwashe sharar, na roƙi maƙwabta su riƙe ruwan wankinsu zuwa azahar, na wanke wurin da toka da ruwan zafi, na shimfiɗa kwali. Wata maƙwabciyarmu ta tsaya riƙe da ƙugu.

“Ei! Karatun sakandire ya ƙare a gota?”

Kawu ya riƙe sitiyari, maza suka tura, aka sa katako a bakin kwatar har ƙafafun suka haye. Na sa duwatsu gaba da bayan kowace ƙafa. Na zagaya na jijjiga motar da duk ƙarfina, na sake zagayawa. Kawu ya ce, “Madam injiniya, ko in ɗaure miki ita a jikin masallaci?”

Aka fito wa Baba da kujera. Na sa tsohon wandonsa a ƙarƙashin zane, na yi bisimilla na sauka.

Inuwar motar ta rufe ni. Warin mai, warin kwata, ga ƙarfen nan dab da goshina, har da wurin da ya lotsa. Makullin yana ta ƙwanƙwasa jikin giyabos a hannuna, kowa yana ji.

Muryar Baba ta zo daga sama, a hankali. “Uwata. Na sama za ki fara kwancewa.”

“Ba na ƙasa ba?”

“In kin zubar da mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa, ta ina za ki zuba sabo?”

Na riƙe makullin da hannu biyu, na zura bututun, na tokare ƙafa da bangon kwata. Ya ƙi. Na sake. Sai ya yi wata ƙara, ƙas, ya saki. Na yi ihu na rufe kaina da hannu. Mma ta yi salati. Motar tana nan inda take, ko motsi ba ta yi ba. Na kwanta a kan kwalin na yi kukana, ba wanda ya ce in fito.

Na ƙasa bai ba ni wuya ba. Tsohon man ya zubo baƙi, mai kauri, ya bi ta gwiwar hannuna kafin ya sami kwano. Na jira ya gama ɗiga, na goge notin, na sa sabon zoben, na ɗaure. Sabon man tun safe na ajiye shi a rana don ya saki jiki. Na zura tiyo ta wajen injin zuwa ramin sama, Mma ta riƙe mazurari tana zubawa kaɗan-kaɗan, ni ina kallonsa yana gangarowa kamar zuma. Da ya fara dawowa ta bakin ramin na ce ta tsaya.

Da yamma direban ya zagaya da motar har Nima ya dawo, Baba a gefensa da matashi a kafaɗa, kunne a karkace. Da suka tsaya bai ce komai ba game da giya, wanda a wurinsa yabo ne. Ya sa aka buɗe but ɗin bayan motar, ya leƙa.

“Ina jak ɗina?”

Na faɗa masa.

“In taya ta fashe a hanya fa?”

“Direba ya ara a tasha. Taya daga gefe ake cire ta.”

Ya fara dariya, haƙarƙarin ya kama shi, ya dafe. Da ya sami numfashi ya ce in wanke makullin in sa a akwati, kuma akwatin ya koma ɗakina, tunda man difa, giyar ƙafafun baya, ma ya kusa sauyi. Na ɗauke shi da hannu biyu. Ƙarafan ciki suna ta kaɗawa har na kai ƙofa.