Kwamfutar Malam a Ƙasan Akwati

Da na fita takaba, abin da na fara yi shi ne naɗe kwamfutar Malam a cikin sabuwar atamfa. Na sa ta a ƙasan akwati, na watsa kafur, na rufe. Haka mahaifiyata ta koya mini: abu mai daraja adana shi ake yi. Mijina malamin gona ne, kuma a cikinta akwai bidiyon da aka ɗauke shi a gonakin Tarai, yana bayanin taki yana tsokanar manoma. Muryarsa ke nan da ta rage mini. Ko kunna ta ba na yi, kada ta gaji.

Gidan ya yi mini faɗi. 'Ya'ya duk suna Kano, sai waya, ita ma a gurguje. Rediyo ce abokiyar hirata, ita ce kuma ta tayar mini da hankali wata rana da hantsi: wai shaidar tsaron da kwamfutoci ke dubawa in an kunna su, wa'adinta ya kusa cika. Ikon Allah! Ni da na zaci magani ne kaɗai ke da wa'adi.

Na rungumi kwamfutar na hau mota daga Kibiya zuwa Rano. Mai gyara ya warware atamfar, kafur ya sa shi atishawa.

"Hajiya, lefe kika kawo mini?"

"Yi aikinka, ɗan nan. Mutuwa za ta yi?"

"A'a, za ta ci gaba da tashi. Sai dai mai gadin ƙofarta tsofaffin ɓarayi kawai ya sani. Sai an haɗa ta da intanet ta karɓi sabuwar shaida. A akwati ba abin da zai iske ta."

Na ce ba zai taɓa komai ba sai ya kwafe mini muryar. Ya kwafe a wani ɗan abu kamar yatsa. Duk da haka, da ya haɗa kwamfutar da intanet fuskarta ta yi baƙi, ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, sai na kasa kallo. Kwanciyar Malam a asibiti na tuna. Na kau da kai ina kallon titi.

Can sai ga Malam, hula a karkace, yana ce wa wani manomi, "Kai, wannan dawa ce ko tsintsiya?" Na yi dariya a shagon mutane, dariyar ta koma kuka, kuma ban ji kunya ba.

"Ki riƙa kunna ta, Hajiya," in ji mai gyaran. "Ajiya ce ke kashe su."

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma, in haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayata har ta gama karɓar abin da za ta karɓa. Sannan in kunna Malam. Ba ya amsa sallamata, kullum dawar nan yake yi wa tsiya. Atamfar kuwa na kai wa tela. Ita nake sawa in zan zauna da shi.