Kitsen Dabbar da Malam Bai Taɓa Ba

Me ya sa na ce "eh" a ranar nan? Ba yunwa muke ji ba, ba a kore mu daga gida ba. Har yau tambayar da nake yi wa kaina ke nan, ban sami amsa ba. Ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubuta mini, don ku yaran da kuka taso a ƙasar nan ku ji daga bakina.

Ni mutuniyar Maraɗi ce. Mijina, Malam Hamidu, direban tasi ne, muna zaune a nan ƙasar Turawa, a wani gari mai suna Greenbelt. Ina yin waina da fura idan ana suna ko biki, ana ganin mutuncina. Malam ba mai yawo ba ne, abu ɗaya ne ya shiga ransa, ɗaukar hoton namun daji. Wata shekara ya bi ayarin masu yawon buɗe ido zuwa arewacin Kanada, inda teku ke daskarewa, don ya ga farar beyar, wata ƙatuwar dabba mai zama a kan ƙanƙara. Ni kurar ƙanƙara nake ce mata don in tsokane shi.

"Ba kura ba ce," in ji shi. "Kura sata take yi. Wannan sai ta wuni kwance a bakin rami tana jiran rabonta."

Ya ce a cikin wata doguwar mota suka yi ta jira, yatsunsa suka ƙage, har wata uwa ta fito da 'ya'yanta biyu suna tuntuɓe a bayanta. Kallo ya ɗauke masa hankali, sai da na kusa da shi ya zungure shi sannan ya tuna da kyamara. Hoton nan ya rataye shi a falo, da sunansa a ƙasa. Ya ce in Allah ya kai mu, tare za mu koma.

Ran nan maƙwabciyata Hajiya Adiza, 'yar Kumasi, ta shigo tana ɗingishi, ta tsaya gaban hoton.

"Hajiya, maigida bai zo miki da kitsenta ba? Dabbar da ke kwana kan ƙanƙara, ai kitsenta shi ne maganin sanyin ƙashi."

Na ce eh, ya zo da ɗan kaɗan.

Na narka kitsen rago da man kaɗanya na ba ta. Ta dawo tana cewa gwiwa ta yi sauƙi, ta zo da mata biyu. Daga kyauta aka koma sayarwa. Na sa aka buga hoton dabbar da Malam ya ɗauka ƙanana, ina mannawa a jikin kwalabe, har daga Beltsville ana zuwa nema.

Da Malam ya ga kwalbar, sai ya zauna.

"Hajiya, ko gashinta ban taɓa ba. Daga cikin mota na ɗauke ta hoto. Ki ji tsoron Allah ki daina."

Na rantse masa na daina. Kwalaben kawai na mayar ɗakin wata ƙawata.

Akwai wata baiwar Allah a Largo mai ciwon suga, da gyambo a ƙafa. Na ce mata ta riƙa shafawa, ta ajiye maganin asibiti don ba sa haɗuwa. Da bakin nan na faɗa. Aka yanke mata ƙafa daga gwiwa. Ɗanta ya kai ƙara.

Malam aka fara kamawa, don sunansa ne a jikin kwalba, kuma doka ta hana taɓa dabbar. 'Yan sanda suka kwashe kyamararsa da hotunansa duka. Da aka gwada man aka ga rago ne, suka sake shi suka riƙe ni. Amma a masallaci an daina matsa masa wuri a sahu. Bai ƙara ɗaukar hoton ko tsuntsu ba, bai ƙara ambaton arewa ba.

Na yi zaman gidan kaso na fito. Na je Largo neman gafara, matar ta ce a faɗa mini ba ta nan, ina jin muryarta daga ciki. Na tuba, ina roƙon Allah, amma tuba ba ta mayar da ƙafa.

'Ya'yana, idan aka tambaye ku abin da ba ku da shi, ku ce babu. Kada ku ɗauki abin da wani ya samu da haƙurinsa ku liƙa wa ƙaryarku. Kada ku raba mara lafiya da likitansa.

Malam bai ga fitowata ba, ciwon zuciya ne ya ɗauke shi ina tsare. Zuwansa na ƙarshe, ya rame, muna magana ta waya gilashi na tsakaninmu. Na ce, "Malam, ka yafe mini?" Ya ajiye wayar, sai mai gadi ya ce lokaci ya yi. Ya tashi da ƙyar, ya sake ɗaukar wayar.

"Hajiya, bari ki fito tukuna, sai mu yi maganar a gida."